Daga Mudu Zuwa Lita: Tarihin Ma'aunai da Matsalar Juya Su a Jingar Kimiyya a Garin Gombe

1.0 Gabatarwa

Duk malamin kimiyya da ya saba duba littattafan jingar ɗalibai ya san inda ƙafar yaro take zamewa. Yaron da ya iya tarawa da ɗebewa da ninkawa, da zarar an ce ya mayar da kubik mita zuwa kubik santimita, ko ya juya nauyin ƙarfe daga giram zuwa kilogiram gwargwadon girmansa, sai lissafi ya dagule masa. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan rashin ƙoƙarin yaro, ko rauninsa a lissafi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa matsalar tana da tarihi. Mun ɗauki unguwar Madaki da ke cikin garin Gombe a matsayin madubi, domin ɗalibin da ya tashi a irin wannan unguwa yana rayuwa ne a tsakanin tsarin awo guda uku da suka hau kan juna, wato na gargajiya, da na Turawan Ingila, da kuma tsarin mita na littafin makaranta. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Za mu bi waɗannan tsare-tsare ɗaya bayan ɗaya, sannan mu fito da abin da tarihinsu yake koya wa malamai da masu tsara manhaja.

Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita kalmomi. Da "tsawo" muna nufin nisan da ke tsakanin wuri biyu. Da "gurbi" muna nufin girman wurin da abu ya cike, ko yawan abin da mazubi yake ɗauka. Da "dansiti" kuwa muna nufin nauyin abu gwargwadon gurbin da ya cike, wato abin da ake samu idan aka raba nauyi da gurbi.

2.0 Ma'aunan Gargajiya

Kafin zuwan Turawa, jikin ɗan Adam shi ne ma'aunin tsawo a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Akwai taƙi da ɗani, waɗanda ake aunawa da buɗa yatsun hannu. Akwai kamu ko zira'i, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, wanda masaƙa da 'yan tufafi suke amfani da shi. Akwai gaba, wato tsawon hannuwa biyu a miƙe, da ita ake faɗin zurfin rijiya da tsawon igiyar guga. Manomi yana auna gona da taki, fatake kuma suna ƙidaya nisan tafiya da zango.

A ɓangaren gurbi, kasuwar hatsi ta dogara ga mudu da tiya da kwano, manyan kaya kuma ana lissafa su da dami da taiki da buhu. Musulunci ya zo da ma'aunai masu ƙa'idar juyawa a rubuce. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a makarantun zaure, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, sun bayyana cewa mudun Annabi huɗu su ne sa'i ɗaya, sa'i 60 su ne wusuƙi ɗaya, nisabin zakkar hatsi kuwa wusuƙi biyar ne. Almajirin da ya ninka waɗannan ya sami sa'i 300, ko mudun Annabi 1,200, ya yi ainihin aikin da muke kira juya ma'auni. Ke nan wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Masarautar Gombe, wadda Modibbo Buba Yero ya kafa a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta gaji wannan ilmi kamar sauran masarautun daular.

Akwai siffofi biyu na wannan tsari da ya kamata mu riƙe. Ta farko, ma'aunan kasuwa ba su da girma guda tabbatacce. Kamun dogon mutum ya fi na gajere, mudun wata kasuwa ya sha bamban da na wata, ga kuma tsororuwa da gyara waɗanda suka danganta ga hannun mai awo. Ta biyu, kusan komai da gurbi ake auna shi. In ban da zinariya, wadda ake aunawa da miskali, da 'yan kayayyaki masu tsada, talaka bai cika haɗuwa da ma'aunin nauyi ba. Wannan al'ada tana nan har yau: gero da shinkafa da wake a mudu, man gyaɗa a kwalba.

3.0 Ma'aunan Turawan Ingila

Bayan yaƙin Burmi na 1903, Turawan mulkin mallaka suka kafu a ƙasar Gombe. A 1913 suka ɗauke hedikwatar masarauta daga Gombe Abba zuwa Nafada, a 1919 kuma suka dawo da ita Doma, inda garin Gombe yake a yau. Tare da su aka shigo da ma'aunan da dokar Ingila ta 1824 ta daidaita. Harshen Hausa ya karɓe su ya ba su kamanninsa: inci, yadi, mil, eka, galan, oza, laba da tan. Kalma ɗaya ce aka fassara, ita ce ƙafa.

Ɗalibin elementare na wancan zamani ya sha hadda. Inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, yadi 1,760 mil ɗaya. Oza 16 laba ɗaya, laba 2,240 tan ɗaya. Kuɗi ma haka suke: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Kowane mataki da nasa adadin, babu ƙa'ida ɗaya da ta haɗa su. Tsarin yana da wahala, amma ya tilasta wa yaro ya tambayi kansa kowane lokaci: nawa ne na wannan suke yin ɗaya na wancan?

Waɗannan ma'aunai sun shiga rayuwar mutanen Gombe ta hanyar kasuwanci fiye da ta hanyar aji. Noman auduga ya bunƙasa a masarautar a shekarun 1950, kamar yadda Mary Tiffen ta bayyana a littafinta na 1976 kan tattalin arzikin Gombe. Auduga kuwa da sikeli ake sayenta, da laba ake yanke farashinta. A gaban wannan sikeli manomi ya ga yadda tulin auduga mai cika ido yake komawa ɗan adadi kaɗan, darasin dansiti ke nan tun ba a ba shi suna ba. Layin dogo ya iso Gombe a 1963, faɗin tsakanin ƙarafunansa ƙafa 3 da inci 6. Kananzir kuma yana zuwa a garwa mai galan huɗu, wadda ta koma mazubin ruwa.

4.0 Asalin Tsarin Mita

Tsarin mita ya samo asali ne daga Faransa a zamanin juyin juya hali, lokacin da kowane lardi yake da nasa ma'aunin. Daga 1792 zuwa 1798 masana biyu, Delambre da Méchain, suka auna nisan da ke tsakanin Dunkirk da Barcelona, domin a fitar da mita a matsayin kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu. Dokar 1795 ta kafa tsarin, a 1799 kuma aka ajiye sandar mita da dutsen kilogiram na ƙarfen filatinam a ma'ajiyar ƙasa. A ranar 20 ga Mayu, 1875, ƙasashe 17 suka sa hannu kan yarjejeniyar mita. A 1960 aka amince da tsarin ma'aunai na duniya da ake kira SI. A 1983 aka sake bayyana mita bisa saurin haske, a 2019 kuma aka sake bayyana kilogiram, aka daina dogaro da dutsen da ke ajiye kusa da birnin Faris.

Abin da ya fi shafar malami a wannan tarihi shi ne yadda waɗanda suka tsara shi suka ɗaure tsawo da gurbi da nauyi da igiya ɗaya. Daga mita aka fitar da lita: akwati mai tsawon santimita 10, faɗin santimita 10, zurfin santimita 10. Daga lita aka fitar da kilogiram: nauyin ruwan da ya cika wannan akwati. Wannan shi ne dalilin da ya sa dansitin ruwa yake giram ɗaya a kowane kubik santimita. Da gangan aka shirya shi haka. Idan aka koyar da tsawo a wani zango, gurbi a wani, nauyi a wani, ba tare da an nuna wannan igiya ba, an warware abin da aka ƙulla tun asali.

Shi kansa binciken dansiti ya girmi tsarin mita nesa ba kusa ba. Arkimidis na Girka ya yi bayanin abin da ke sa abu ya nutse ko ya yi iyo tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa. Al-Biruni ya auna dansitin ƙarafa da duwatsu masu daraja a ƙarni na 11, al-Khazini kuma ya rubuta Mizanul Hikma a ƙarni na 12, inda ya yi bayanin ma'aunin da ke gano algus a cikin zinariya.

5.0 Sauyin Shekarun 1970 a Nijeriya

Jamhuriyar Nijar ta gaji tsarin mita daga Faransa tun zamanin mulkin mallaka. Nijeriya kuwa sai a farkon shekarun 1970 ta juya, a cikin jerin sauye-sauye da suka zo kusa da kusa. A watan Afrilu na 1972 aka koma tuƙi a hannun dama. A ranar 1 ga Janairu, 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, inda fam ɗaya ya zama naira biyu. A 1974 aka fitar da dokar awo da ma'aunai wadda ta tabbatar da tsarin mita. Bayan haka shirin ilmin firamare na bai-ɗaya ya fara a 1976, Manufar Ilmi ta Ƙasa ta fito a 1977, a wannan shekara kuma aka kafa kwalejin horar da malaman fasaha ta tarayya a Gombe. Sababbin littattafan lissafi da kimiyya suka fito da mita da lita da giram.

Sauyin kuɗi da na tuƙi sun kama kowa da kowa, domin babu mai iya ci gaba da bin tsohon hannu a kan titi. Sauyin awo kuwa ya shiga littafi da gidan mai da allon kan hanya da buhun siminti, amma bai kori abin da ya tarar ba. Mu dubi abin da yaron Madaki yake ji a yini guda. Mahaifiyarsa ta aike shi awo da mudu. Tela yana yanka yadi, turmin atamfa yadi shida ne, wato kusan mita biyar da rabi. Magini yana neman bulo mai inci shida ko inci tara. Dillali yana tallar fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100, wanda ya yi kimanin murabba'in mita 465. Mai kura yana kawo ruwa a jarka, simintin Ashaka yana zuwa a buhu mai kilogiram 50, a kasuwar Tudun Hatsi kuma ana ciniki da buhu da mudu. Ko a Maraɗi, inda aka daɗe da tsarin mita, da tiya ake sayar da hatsi. Wannan ya nuna doka ita kaɗai ba ta sauya ma'aunin kasuwa.

Illar da ta biyo baya a aji ita ce juya ma'auni ya koma wasan matsar da ɗigo. Tunda komai goma-goma ne, sai aka wadatu da koya wa yaro ya ƙara sifiri ko ya matsar da ɗigo hagu ko dama. Tambayar da tsohon tsari ya tilasta, wato nawa ne suke yin ɗaya, ta ɓace. Yaro ya fita da ƙa'ida a ka, ba shi da hoton girman abin a zuci.

6.0 Inda Kuskuren Yake Faruwa

Mu ɗauki misali. Tankin ruwa mai tsawon mita 2, faɗin mita 1.5, zurfin mita 1, gurbinsa kubik mita 3 ne. Aka ce yaro ya mayar da shi kubik santimita. Ya tuna mita ɗaya santimita 100 ce, sai ya ninka da 100 ya rubuta 300. Amsar gaskiya ita ce 3,000,000, domin ana ninka 100 ɗin sau uku ne: ɗaya don tsawo, ɗaya don faɗi, ɗaya don zurfi. Da yaron ya san ledar ruwan sha mai santilita 50 tana ɗauke da kubik santimita 500, da ya gane amsarsa tana nufin tankin bai kai leda ɗaya ba. Wannan tanki lita 3,000 yake ci, wato jarka 120 masu lita 25.

A dansiti kuskuren yana ninkuwa, domin ma'auni biyu ake juyawa lokaci guda. Dansitin baƙin ƙarfe kimanin giram 7.9 ne a kubik santimita. Yaron da ya juya giram kawai zuwa kilogiram, ya manta da gurbi, zai rubuta kilogiram 0.0079 a kubik mita. Iskar da muke shaƙa kanta ta kai kimanin kilogiram 1.2 a kubik mita, ke nan ya samar da ƙarfen da iska ta fi shi nauyi. Hanyar daidai ita ce a raba da 1,000 saboda giram, a ninka da 1,000,000 saboda gurbi, a sami kilogiram 7,900.

Kada a ɗauka irin wannan kuskure a takarda yake tsayawa. A ranar 23 ga Yuli, 1983, wani jirgin fasinja ƙirar Boeing 767 ya ƙare da mai a sararin samaniyar Kanada, a daidai lokacin da ƙasar take komawa tsarin mita. Wajen mayar da lita zuwa nauyi an yi amfani da adadin laba a lita, wato 1.77, maimakon na kilogiram a lita, wato kimanin 0.8, sai jirgin ya tashi da ƙasa da rabin man da yake bukata. Allah ya kiyaye, matuƙan suka saukar da shi a tsohon filin jirgin soja na Gimli, ba a rasa rai ba. A 1999 kuma Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mas, saboda wani ɓangare na masu aikin ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, wani da na mita. Ɗalibin da ke gabanmu yau shi ne gobe zai lissafa maganin majinyaci da mililita, ko ya haɗa maganin feshi a gona, ko ya auna kankaren gini.

7.0 Batun Harshe

Tun daga 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko harshen yanki a azuzuwan farko na firamare. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tattara kalmomin kimiyya da lissafi na firamare a cikin harsunan Nijeriya tara, har da Hausa da Fulfulde, a 1990 kuma aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin Hausa wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da faɗaɗa koyarwa da harshen uwa zuwa dukkan shekaru shida na firamare, sai dai a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya sanar da soke wannan tsari. Ko wane harshe doka ta zaɓa, yaron da ya koma gida da jinga da Hausa ko Fulfulde zai tambayi yayansa, da su kuma zai yi tunani.

A nan akwai tarko. Kalmar "nauyi" a Hausar yau da kullum tana ɗaukar ma'ana biyu. Idan muka ce dutse ya fi auduga nauyi, dansiti muke nufi. Idan muka ce wannan buhu ya fi wancan nauyi, abin da sikeli ya nuna muke nufi. Haka "girma" take rufe tsawo da faɗi da gurbi baki ɗaya. Muddin ba a raba waɗannan ma'anoni a bakin malami ba, yaro zai haddace alamomi alhali tunaninsa a cakuɗe yake.

8.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, a fara darasin daga mazubin gida. Ɗalibai su kawo mudu daga gidaje daban-daban, a cika kowanne da ruwa, a juye a ma'aunin lita. Bambancin da za su gani da idonsu shi zai bayyana masu dalilin da ya sa duniya ta nemi ma'auni guda. Gani ya kori ji.

Na biyu, kowane aji ya mallaki akwatin lita ɗaya na kwali, da kuma firam na kubik mita ɗaya da aka ɗaure da kara 12, kowanne mita ɗaya. Yaron da ya ga akwati 10 a jere, jeri 10 a shimfiɗe, shimfiɗa 10 a ɗore, ba zai manta lita 1,000 ne ke cikin kubik mita ba.

Na uku, a koyar da dansiti da mudu ɗaya da sikeli ɗaya. A auna mudun gero, da na gyaɗa mai ɓawo, da na yashi: gurbi ɗaya, nauyi daban-daban. A kwatanta jarka mai lita 25: ta ruwa kilogiram 25, ta kananzir kimanin 20, ta man gyaɗa kimanin 23, ta zuma kimanin 35.

Na huɗu, a mayar da juyawa tsakanin yadi, ƙafa, inci, eka da tsarin mita cikin jinga, tunda suna raye a unguwa. Tun 1959 aka tsayar da inci a santimita 2.54 daidai, yadi kuma a mita 0.9144. Galan na Ingila lita 4.55 ne, saboda haka garwa ta haura lita 18 da kaɗan.

Na biyar, a wajabta wa ɗalibi ya rubuta alamar ma'auni a kowane layi na lissafi, ya kuma rufe amsarsa da jimla ɗaya ta kwatance, kamar ya ce wannan ya kai jarka kaza. A ware maki domin wannan jimla.

Na shida, hukumomin manhaja da masana harshe su zauna da malaman kimiyya su tsayar da kalma ɗaya ga kowace ma'ana, a yi amfani da ita bai-ɗaya a littattafai da kwalejojin horar da malamai.

9.0 Kammalawa

Mun ga yadda ma'aunai uku suka taru a gari ɗaya cikin abin da bai kai ƙarni ɗaya ba: mudu da kamu da aka gada, yadi da laba da suka zo bayan 1903, mita da lita da doka ta tabbatar a 1974. Babu wanda ya kori ɗan'uwansa gaba ɗaya, kuma babu alamar hakan za ta faru nan kusa. Manhajar da ta ɗauka yaro ya zo aji babu wani ma'auni a kansa ta bar dukiya a ƙofar makaranta. Mai awo a Tudun Hatsi ya san mudun gero ya fi mudun dusa nauyi, mai kura ya san jarka nawa ke cika tanki. Aikin malami shi ne ya ɗauki wannan sani da yaro ya zo da shi, ya ba shi lamba da alama, har ya zama idan ɗalibi ya rubuta amsa yana iya duba ta ya ce ko ta yi kama da gaskiya.